Takarar Ernst Thälmann a Zaɓen Shugaban Ƙasar Jamus na 1925

Ranar 28 ga watan Fabrairu, 1925, Friedrich Ebert, shugaban farko na Jamhuriyar Jamus, ya rasu. Bisa ga tsarin mulkin da aka rubuta a garin Weimar cikin 1919, jama'a ne da kansu za su zaɓi magajinsa, ya yi shekara bakwai yana mulki. Muƙamin nan kuwa yana da ƙarfi ƙwarai. Mai riƙe da shi ne ke naɗa shugaban gwamnati, yana da ikon rushe majalisa, sashe na 48 kuma ya ba shi damar kafa doka da kansa in ya ga ƙasa ta shiga hatsari. An shirya zaɓen zagaye biyu. A na farko sai wanda ya sami fiye da rabin ƙuri'u. A na biyu kuwa wanda ya fi yawa shi ya ci, kuma an yarda a tsai da sabon mutum.

Jam'iyyar Kwaminis ta tsai da Ernst Thälmann, mutumin Hambag, wanda aka haifa cikin 1886. Tun yana yaro ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya kuma tuƙa keken doki, har maganarsa irin ta leburori ce. Shugabannin jam'iyyar na lokacin, Ruth Fischer da Arkadi Maslow, 'yan boko ne, saboda haka suka ga shi ne zai fi shiga ran ma'aikata. Ba su sa rai zai ci ba. Nufinsu shi ne su yi amfani da taron neman ƙuri'a su yaɗa aƙidarsu, su kuma ƙidaya mabiyansu. Yawon nan bai ƙare lafiya ba, domin ranar 13 ga Maris 'yan sanda suka buɗe wuta a zauren da yake taro a garin Halle, mutum goma suka mutu.

Aka jefa ƙuri'ar farko ranar 29 ga Maris. Karl Jarres, ɗan takarar masu ra'ayin riƙau, ya sami miliyan 10.4, Otto Braun na jam'iyyar Soshalis miliyan 7.8, Wilhelm Marx na jam'iyyar Katolika ta Tsakiya, wanda ba abin da ya haɗa shi da Karl Marx sai suna, miliyan 3.9. Thälmann ya zo na huɗu da kusan miliyan 1.9, alhali jam'iyyarsa ta sami miliyan 2.7 a zaɓen majalisa na Disamba, 1924.

Da ba wanda ya kai rabi, sai kowane ɓangare ya sake shiri. 'Yan Soshalis suka janye Braun, suka bi Marx, bisa sharaɗin a mara wa Braun baya ya zama Firayim Ministan Prussia. Masu ra'ayin riƙau kuma suka ajiye Jarres, suka ɗauko Paul von Hindenburg, tsohon sarkin yaƙi mai shekara 77, wanda ya yi suna tun da ya kori rundunar Rasha a Tannenberg cikin 1914. Kowa ya san zuciyarsa tana ga sarautar da aka tumɓuke cikin 1918. 'Yan Kwaminis suka ƙi janye nasu. Ranar 26 ga Afrilu Hindenburg ya sami ƙuri'a miliyan 14.7, Marx miliyan 13.8, Thälmann miliyan 1.9. Tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu kamar dubu 900 ce, wato ba ta kai rabin abin da Thälmann ya samu ba.

Daga nan zargi ya taso cewa Thälmann ne ya ɗora Hindenburg a kan mulki. In lissafi kaɗai za a bi, zargin yana da tushe. Amma akwai abu biyu da ya kamata mai nazari ya auna.

Na farko, ba lalle ba ne mutanen Thälmann su bi Marx ko da ya janye. Gabar da ke tsakanin jam'iyyun ma'aikata biyu ta jini ce. Cikin Janairu, 1919, gwamnatin Ebert ta sa sojojin sa kai suka murƙushe boren Barlin, a nan ne aka kashe Rosa Luxemburg da Karl Liebknecht, waɗanda suka kafa jam'iyyar Kwaminis. Leburan da bai manta da wannan ba, da wuya a ce masa ya ba da ƙuri'arsa ga ɗan takarar da 'yan Soshalis suka kawo, wanda kuma ba ma'aikaci ba ne. Da yawansu gida za su zauna.

Na biyu, akwai jam'iyyar Katolika ta Bavaria, wadda ɗan takararta, Heinrich Held, ya sami kusan ƙuri'a miliyan ɗaya a zagayen farko. Saboda ƙin jinin 'yan Soshalis, sai ta juya wa Marx baya, ɗan'uwanta a addini, ta bi Hindenburg, wanda ba Katolika ba ne. Ƙuri'ar da aka ɗauke daga Marx aka kai wa abokin takararsa ta yi masa lahani ninki biyu, tunda ta rage nasa ta ƙara na wancan. Da rabin waɗannan sun koma ga Marx, da an yi kankankan. Ashe ba a ƙofa ɗaya ɓarakar ta shigo ba.

Duk da haka wannan bai wanke shugabannin Kwaminis ba. Sun ɗauka cewa jamhuriya da mulkin soja duk kanwar ja ce, alhali jamhuriyar ce ta ba su damar yin taro da buga jarida. Daga 1928 ma, bisa umurnin Masko, suka riƙa kiran 'yan Soshalis babban abokin gaba.

Cikin 1932 Thälmann, wanda a lokacin shi ne shugaban jam'iyya, ya sake tsayawa. A wannan karon 'yan Soshalis Hindenburg suka bi, don su tare Hitila. Thälmann ya yi ta gargaɗi cewa zaɓen Hindenburg zaɓen Hitila ne, zaɓen Hitila kuwa yaƙi ne. Ya sami kusan miliyan 5 a zagayen farko, miliyan 3.7 a na biyu. Ranar 30 ga Janairu, 1933, Hindenburg ya naɗa Hitila shugaban gwamnati, bayan wata guda kuma ya sa hannu a kan dokar da ta soke 'yancin jama'a, da ikon sashe na 48.

Gargaɗin ya tabbata, sai dai mutumin da ya yi naɗin ya fara hawa kujerar ne a zaɓen da Thälmann ya ƙi janyewa. An kama Thälmann ranar 3 ga Maris, 1933, ya yi shekara goma sha ɗaya a tsare ba shari'a, aka harbe shi a sansanin Buchenwald cikin Agusta, 1944. A sansanin nan kuma, cikin wannan watan, Rudolf Breitscheid, ɗaya daga manyan 'yan Soshalis, ya mutu yana fursuna.