Alawus ɗin Koyon Aiki Ba Albashi Ba Ne

A Ikara da Maƙarfi da Kudan akwai magidanta da matan aure da suka koma karatu bayan nauyin iyali ya hau kansu, wasu a Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi, wasu a Kwalejin Nuhu Bamalli ta Zariya. Idan lokacin koyon aiki ya zo aka ba su ɗan alawus, sai a ɗauka sun tsaya da ƙafarsu. Hujjar wannan maƙala ita ce alawus ɗin kuɗin ɗawainiya ne, bai kamata ya zama dalilin janye musu tallafi ba.

Hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta ƙirƙiro shirin koyon aiki na SIWES a 1973 domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya kammala karatu. Sai dai watannin da zai yi a asibiti ko masana'anta watanni ne da ya bar sana'arsa. Manomin rake a Maƙarfi zai ɗauki 'yan ƙwadago su yi masa noma. Mai ɗinki a Hunkuyi za ta rufe kekenta, ga kuɗin mota kullum, ga cefane. Abin da ke fita ya zarce abin da ke shigowa, amma da dangi sun ji an ce “ya fara ɗaukar kuɗi”, sai wan da ke aiko da buhun masara ya daina.

Doka ma ta taɓa faɗa wa wannan tarko. Dokar lamunin ɗalibai ta 2023 ta hana lamuni ga wanda kuɗin shigarsa ko na iyalinsa ya haura naira 500,000 a shekara. Mai cin gajiyar N-Power, shirin da aka fara a 2016, a lokacin yana karɓar naira 30,000 a wata, wato 360,000 a shekara. In aka haɗa da kuɗin kwandunan tumatir na kaka ɗaya, ya tsallake iyakar alhali bai fita daga talauci ba. Dokar 2024 ta soke wannan sharaɗi, kuma daidai ta yi.

Wani zai ce asusun gwamnati ba shi da yalwa, gara a fifita wanda ba shi da ko sisi. Maganar tana da nauyi, amma ta manta cewa alawus na ƙarewa ranar da horo ya ƙare, yayin da kuɗin makaranta da ciyar da yara ke nan daram. Kuma in karɓar alawus zai jawo asarar tallafi, ɗalibi zai guji wurin da ake koyon aikin gaske, ya nemi inda za a sa masa hannu a littafin rahoto kawai. Ƙasa ce za ta yi asarar ma'aikacin lafiya da ya ƙware.

Saboda haka ya wajaba hukumomin tallafin karatu su rubuta a ƙa'idojinsu cewa ba a lissafa alawus ɗin horo cikin kuɗin shiga, a kuma riƙa biyansa wata-wata, lokacin da ɗalibi ke buƙatar kuɗin mota.