Ƙanƙara, Busarwa da Wuta: Nazari kan Sarrafa Naman Beyar da Cutar Tirikinela

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake sarrafa naman beyar da aka farauto, tun daga fiɗa har zuwa dahuwa, ta hanyar bibiyar rahotannin ɓarkewar cutar tirikinela a Kanada, Faransa, Japan da Amurka tsakanin 2000 da 2023. An gano cewa dabaru uku da masu girki suka fi amincewa da su, wato daskarar da nama, busar da shi, da kuma gane nunarsa ta launi, duk ba sa ba da kariya a wannan naman. Dalili shi ne an gina su a kan naman wasu dabbobin da kuma wani jinsin tsutsa dabam. Zafin da ya ratsa har tsakiyar tsoka shi ne kaɗai abin da hujjoji suka goyi bayansa.

1.0 Gabatarwa

Beyar dabba ce da aka fi samu a arewacin duniya, kuma cin namanta tsohuwar al'ada ce a wurin al'ummu da dama: Kiri da sauran 'yan asalin Kanada, Ainu na tsibirin Hokkaido, mafarautan Matagi na tsaunukan Akita a Japan, da mazauna dazuzzukan Finlan da Rasha. A yau kuma akwai masu farautar lasisi da ke biyan kuɗi su shiga daji na ɗan lokaci, su koma birni da nama cikin akwatin sanyi. A jihar Alaska doka ma ta wajabta wa mafarauci, a yankuna da dama, ya kwaso naman baƙar beyar da ya harbe daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Mayu. Ke nan ana cin naman. Tambayar da maƙalar ke ƙoƙarin amsawa ita ce: wane mataki ne, cikin matakan da ake bi, yake raba mai ci da cuta?

2.0 Hanyar Bincike

An nazarci rahotannin likitoci da na hukumomin lafiya kan aukuwa biyar waɗanda aka san tushen namansu da yadda aka girka shi. Ba a yi gwajin ɗakin bincike ba. Abin da aka kwatanta shi ne hanyar girki da sakamakonta.

3.0 Daga Daji zuwa Madafa

Aikin farko shi ne fitar da zafin jikin dabbar. Beyar tana da gashi mai yawa, ga kitse mai kauri a ƙarƙashin fata, kuma duka biyun suna riƙe ɗumi. Idan aka bar gawar da fatarta ta kwana, naman da ke jikin ƙashin cinya yakan fara tsami ko da gari akwai sanyi. Shi ya sa gwanayen mafarauta ke cire kayan ciki nan take, su feɗe, su raba gaɓoɓi, su rataye a inuwa iska ta ratsa. Ana yanke kitsen a ajiye dabam domin yana saurin canja wari. Idan aka narkar da shi a ƙaramar wuta aka tace, yakan ba da mai fari mai laushi, wanda mazauna Amurka na ƙarni na 18 da na 19 suka riƙa suya da shi.

Ɗanɗanon naman yana bin abincin dabbar. Wadda ta shafe kaka tana kiwo a kan 'ya'yan itatuwan daji namanta ba ya da gafi, amma wadda ta zauna a bakin kogi tana cin kifin salmon har kitsenta ƙarnin kifi yake yi. Abin lura a nan shi ne beyar ba ta ƙyale mushe, kuma takan ci 'yar'uwarta. Ta wannan ƙofar tsutsar tirikinela ke shiga jikinta.

4.0 Tsutsar da Halinta

A 1835 James Paget, yana ɗalibin likitanci a Landan, ya ga wasu ƙananan ɗigogi a tsokar wata gawa, Richard Owen kuma ya raɗa wa tsutsar suna. A 1860 Friedrich Zenker a Diresdan ya nuna cewa tana kisa, kuma daga naman alade take zuwa. Tun daga nan kusan duk dokokin kariya a kan jinsin Trichinella spiralis na alade aka gina su. Ɗaya daga cikinsu ita ce ƙa'idar firiza: yankan da kaurinsa bai kai santimita 15 ba, idan ya yi kwana 20 a sanyin digiri 15 ƙasa da sifili, tsutsar ta mutu.

Sai a 1972 Britov da Boev suka bayyana Trichinella nativa a matsayin jinsi mai zaman kansa. Ita ce ta yankunan ƙanƙara, kuma rayuwarta ta dogara ne a kan jure sanyi, domin mushen da ya daskare a hunturu shi ne abincin wata dabbar idan ƙanƙara ta narke. Firizar gida ba ta kai sanyin dajin da ta fito ba.

Ido ba ya ganin 'ya'yan tsutsar, suna nannaɗe cikin ɗan kwanso a tsakiyar tsoka, sun fi taruwa a harshe, da tsokar muƙamuƙi, da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Ruwan ciki ke narkar da kwanson, su balaga a ƙaramin hanji, su haifi sababbi waɗanda jini ke kaiwa tsokoki. Kwana ɗaya ko biyu bayan ci ana iya samun gudawa da ciwon ciki, abin da kowa zai ɗauka ɓacin ciki ne kawai. Zazzaɓi, ciwon tsoka mai tsanani da kumburin kewayen ido ba sa zuwa sai bayan mako biyu ko fiye, lokacin da an daɗe da mantawa da cin naman. Idan ta tsananta takan taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa.

5.0 Abin da Rahotanni Suka Nuna

A watan Yuni na 2000 mutum 78 a wasu ƙauyuka biyu na arewacin Saskacewan suka ci naman beyar, aka tabbatar da cutar a jikin 31. Abin da ya fi muhimmanci a rahoton shi ne bambancin hanyar ci: waɗanda suka ci busasshen nama sun fi kamuwa nesa ba kusa ba a kan waɗanda suka ci dafaffe. Nama iri ɗaya ne, tukunya ce ta raba su. A 2005 wasu mafarauta Faransawa sun harbi beyar a arewacin Kebek, suka ci wani sashe a can ba tare da ya gama nuna ba, wasunsu suka tsallako da ragowar gida suka ciyar da iyali da abokai, mutum 17 suka kamu. A Disamba 2016 kuma wani gidan abinci a birnin Mito na Japan ya sayar da naman beyar daga Hokkaido wanda aka babbaka bayansa kawai aka bar cikinsa ja, mutum 21 suka kamu.

Aukuwar da ta fi cikakken bayani ita ce ta 2022, wadda hukumar CDC ta Amurka ta wallafa a Mayu 2024. Wani mafarauci ya harbi baƙar beyar a arewacin Saskacewan a watan Mayu. Mai shirya masa farautar ya shawarce shi ya daskarar da naman don kashe ƙwayoyin cuta, ya kuwa bi shawara, naman ya yi kwana 45 a firiza. Dangi daga jihohin Arizona, Minesota da Dakota ta Kudu suka haɗu, aka narkar da naman, aka tsire shi a tsinke tare da kayan lambu, aka gasa. Naman beyar baƙi-baƙi ne tun yana ɗanye, don haka mai gashin ya ga launi ya yi, ya sauke. Sai da aka fara ci wasu suka ji bai nuna ba, aka mayar kan wuta, amma an riga an haɗiye lomar farko. Mutum shida suka kamu, uku suka kwanta asibiti. Ɗaya daga cikinsu, ɗan shekara 29, ya je neman magani sau huɗu kafin a gane cewa naman beyar ya ci. An yi wa waɗanda aka kwantar magani da albendazol, kuma duka shidan sun warke.

Abubuwa biyu a wannan rahoto sun cancanci a tsaya a kansu. Biyu daga cikin shidan ba su taɓa naman ba, kayan lambun kawai suka ci, waɗanda suka haɗa tsinke da wuta da naman. Sannan da aka gwada ragowar naman bayan ya yi kwana 110 a daskare, an sami tsutsotsi fiye da 800 a kowane giram, suna motsi. Ba a jima ba, a Nuwamba 2023, aka sake samun mutum goma da alamomin cutar bayan wani taro a yammacin Karolina ta Arewa, nan ma naman da bai gama nuna ba ne.

6.0 Tattaunawa

A ganin wannan nazari, shawarar da aka bai wa mafaraucin 2022 ta fi rashin shawara illa. Wanda bai san komai ba yakan ji tsoron naman daji ya dafa shi luguf. Wanda aka ce wa firiza ta gama aiki shi ne zai yarda ya ci da ɗan ja-ja a ciki. Ƙa'idar gaskiya ce a naman alade, an ɗauko ta ne aka ɗora inda ba ta da iko. Haka busarwa take: ko a shanya nama siriri kamar kilishi, ko a yi masa banda da hayaƙi, ko a cika shi da gishiri, tsutsar da ke cikin kwansonta tana iya tsira, domin waɗannan hanyoyi ruwa suke ragewa, ba sa kai tsakiyar nama zafin da ke kisa. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef ma ba abin dogaro ba ce, tana barin wurare masu sanyi.

Tsohuwar hanyar Matagi ta fi tsayawa a gaban hujja. Sukan yanka naman ƙanana, su tafasa shi a tukunya da miso da farin radish har ya yi laushi. Taurin naman ne ya tilasta doguwar dahuwa, doguwar dahuwar kuma ta kashe tsutsar. Matsalar Mito ta taso ne da aka yi wa naman beyar irin girkin da ake yi wa naman shanu na alfarma.

Ma'aunin da CDC ta bayar shi ne zafin tsakiyar nama ya kai digiri 74 na Salshiyas, a auna da ma'aunin zafi na girki. Inda ake soka ma'aunin yana da tasiri: a wuri mafi kauri, nesa da ƙashi da kitse, domin sukan ba da adadin da ba shi ne na tsokar ba. A gashin tsinke sai an auna yanka fiye da ɗaya, tunda garwashi ba ya ci daidai. Wuƙa, katakon yanka da injin niƙa nama kuwa, a wanke su da ruwan zafi da sabulu kafin su taɓa wani abincin.

A Tarayyar Turai doka ta wajabta gwada naman beyar kafin ya shiga kasuwa, inda ake narkar da ɗan samfuri cikin ruwan fefsin da asid a duba da madubin likita. Gwajin yana da amfani, sai dai naman da mafarauci ya kai gidansa ya raba wa dangi ba ya bi ta kasuwa, kuma daga irin wannan naman ne yawancin aukuwar da aka nazarta suka fito.