Amsoshin Takardunku: Asalin Baƙar Ɗamara A Wasan Kareti

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Birnin Kebbi. Ya ce ɗansa ya shekara guda yana koyon kareti, sai ga shi ya zo gida da batun wai a biya wasu kuɗi za a ɗaura masa baƙar ɗamara. Shi ne yake so mu ba shi tarihin wannan ɗamara, da yadda ake gwada mutum kafin a ba shi, don kada ya zuba kuɗinsa a rijiya.

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ita dai kareti ta samo asali ne daga tsibirin Okinawa, wanda a da masarauta ce mai cin gashin kanta, kafin Japan ta haɗe shi da ƙasarta a shekarar 1879. A can babu ɗamara, babu takardar shaida. Malami kan ɗauki almajirai ƙalilan ya koya musu a tsakar gidansa, shi kaɗai ya san wanda ya ƙware.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, baƙar ɗamara aro ce kareti ta yi daga judo, watau kokawar Japanawa. Jigoro Kano, wanda ya buɗe makarantar Kodokan a Tokiyo cikin 1882, shi ya fara raba ɗalibai mataki-mataki, ya kuwa ɗauko tsarin ne daga wani wasa nasu mai kama da dara da suke kira go. A 1883 ya ba ɗalibansa biyu, Tomita da Saigo, matakin farko na dan. Daga baya ne aka soma bambanta masu dan da baƙar ɗamara.

A 1922 wani malamin makaranta ɗan Okinawa, Gichin Funakoshi, ya je Tokiyo nuna kareti. Kano ya karɓe shi hannu bibbiyu, shi kuma ya ga in yana son Japanawa su ɗauki abin da daraja, tilas ya bi tsarinsu. Sai ya ɗauki farar riga da ɗamara irin na judo. A watan Afrilun 1924 ya ba ɗalibansa bakwai dan na farko, su ne farkon masu baƙar ɗamara a kareti.

Nan fa mutanenmu ke kuskure. Finafinan da aka riƙa kallo a gidajen silima sun sa ana ɗauka mai baƙar ɗamara ya kai ƙarshe. Ina! Sunan matakin ma shodan, ma'anarsa matakin farko. Kamar yaro ne ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo: an yi walima, an yi murna, amma yanzu ne zai shiga littattafai.

Yadda ake jarrabawar kuwa, bari mu ɗauki tsarin Ƙungiyar Kareti ta Japan, JKA, wadda aka kafa a 1949. Alƙalai kan zauna bayan tebur, dukkansu sun fi mai neman matakin girma. Da farko akwai kihon, watau tushe: naushi, shuri, karewa, tsayuwa. Sai kata, wanda jerin motsi ne da aka gada, mutum ya yi shi kaɗai kamar yana faɗa da abokan gaba da ba a gani. Mai neman shodan kan zaɓi ɗaya cikin irin su Bassai Dai, Kanku Dai, Enpi ko Jion. Sannan kumite, karawa da abokin gwaji. Alƙalan ba ƙarfi kawai suke nema ba. Suna duban ƙugu, ko daga nan naushin ya taso ko daga kafaɗa. Suna duban diddige, da numfashi, da inda ido yake kallo, da kuma ko mutum zai rikice in ya gaji. Babban abu kuma, ya iya sakin naushi da iyakar ƙarfinsa ya tsayar da shi dab da fuskar abokinsa.

Kada ka ɗauka wannan na ƙarshe wasa ne. A gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, Tareg Hamedi na Saudiyya yana kan gaba a wasan ƙarshe sai ya kai wa Sajjad Ganjzadeh na Iran shuri a sama, ya sume. Alƙalai suka ce ya wuce ƙa'ida, suka fid da shi. Wanda aka fitar a kan gadon ɗaukar majiyyata shi ya ci zinariya. Da a filin dambe ne a Argungu lokacin bikin kamun kifi, ai da makaɗa sun ɗauki kirarin Hamedi, don kisa ya yi. Ɗan dambe da ɗan kokawa ba su da tebur na alƙalai masu ba da mataki. Fili ne ke ba su suna. Shago bai riƙe takardar kowa ba, nasarorinsa da waƙoƙin Ɗan Anace suka kai sunansa ko'ina. Haka maƙwabtanmu na Nijar, tun 1975 takobi suke ba wanda ya kā da kowa, baɗi kuma sai ya sake kare shi.

Manyan matakai kuwa sai da haƙuri. A JKA sai an shekara aƙalla ɗaya bayan dan na 1 kafin a nemi na 2, shekara 2 kafin na 3, shekara 3 kafin na 4, shekara 4 kafin na 5. Ka ga shekara 10 ke nan, in ba a faɗi ko sau ɗaya ba, kuma ana faɗuwa. A can sama akan sa mutum ya bayyana dabararsa da baki, a yi masa tambayoyi, don ana sa ran ya zama mai koyarwa. Shi kansa Funakoshi, har ya rasu a 1957, bai ba kowa abin da ya wuce dan na 5 ba.

Game da ɗanka, biyan kuɗin jarrabawa ba laifi ba ne, ko'ina ana biya. Amma kuɗin na shiga gwaji ne, ba na ɗamara ba, kuma bisa al'ada akan yi shekara 3 zuwa 5 ana hawa ƙananan matakai kafin a kai shodan. Saboda haka ka je da kanka ka tambayi malamin: wace ƙungiya ce za ta sa hannu a takardar, su wa za su yi alƙalanci, shi kuma wa ya ba shi nasa matakin? Ka nemi a bar ka ka kalli gwajin. Kana kuma iya bincikawa a hukumar wasanni ta jiha ko an san da makarantar. In aka ce maka da zarar ka biya an gama, to ka riƙe kuɗinka.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. A gaishe mana da yaron.