Tarihin Rediyo Ta Bayan Akwati

A hutun da ya wuce ne na ci karo da tsohon akwatin rediyon kakana a ɗakin ajiya, na katako, mai nauyin tsiya. Har na ɗauko zan jona, sai wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ya hana ni. Ya ce galibin ciwon irin waɗannan akwatuna a mashigar wuta yake. Maganar nan ita ta sa ni bin diddigi, har na gane cewa yaɗuwar rediyo ta ta'allaƙa ne ga yadda yake samun wutarsa.

Rediyon da, da bawul yake aiki, wato wasu 'yan kwalabe masu kama da ƙwan lantarki. Wani Bature mai suna Fleming ne ya ƙago na farko a Ingila cikin 1904. Shi bawul wuta iri biyu yake ci: ƙarama ta dumama zarensa, da babba, wadda a rediyon batir takan kai bolt 90. Ke nan sai mutum ya tanadi batir iri biyu, abin da ya fi ƙarfin talaka. Wajen ƙarshen shekarun 1920 ne masu amfani da wutar gida suka fara yawa a Turai da Amurka. A cikinsu taransifoma ke ɗaga wutar, wani bawul ya mayar da ita mai bin hanya ɗaya, sa'an nan kwandansa su tace ta.

To, amma gida nawa ke da lantarki a ƙasar Hausa a zamanin? Shi ya sa rediyo ya fara iso mu ta waya. Tasha ke turo murya cikin ɗan akwatin da ba ruwansa da batir. An soma wannan a Ikko cikin shekarun 1930, ya iso Kano a 1944. Sai dai mai akwatin ba shi da zaɓi, abin da aka turo shi zai ji.

Taransista ce ta kwance wannan ƙulli. An ƙago ta a Amurka a 1947, rediyonta na aljihu ya shiga kasuwa a 1954. Ba ta bukatar dumi, 'yan ƙananan batura sun wadatar. Ana haka BBC ta fara shirin Hausa a 1957, aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962. Kafin a jima sai ga rediyo a gona, ga shi rataye a kafaɗar makiyayi.

Shi kuwa akwatin kakana, da dattijon nan ya buɗe bayansa sai ya tarar kwandansa sun bushe don tsufa. Ya ce su ke sa rediyo gurnani, in sun tsananta ma su ƙone taransifoma, wadda samun irinta sai an sha wuya. Ya canja su, ya sake igiyar wuta, sa'an nan ya sa ƙwan fitila tsakanin bango da rediyon: in ya haska sosai akwai ɓarna, in ya dushe lafiya lau. Ya kuma gargaɗe ni cewa kwandansa kan riƙe wuta fiye da bolt 200 ko bayan an cire filogi. Da magariba akwatin ya yi magana.

'Yan'uwa ɗalibai, irin waɗannan dattawa ƙarewa suke yi, saninsu da kalmomin sana'arsu kuwa ba a rubuce suke ba. Ya kamata mu neme su da alƙalami da takarda tun suna raye.