Obalende da Firgitar Baffana

Obalende unguwar sojoji ce tun asali. Sunan na Yarbanci ne, ma'anarsa sarki ne ya koro ni nan, kuma sojojin Hausawa na zamanin Turawa na cikin waɗanda suka fara kafa ta. Shi ya sa mutanenmu suka daɗe da sanin tabon da yaƙi ke bari a zuciya. Kakana yakan ba mu labarin 'yan Bama da suka dawo bayan 1945: wani barci ya ƙaurace masa, wani kwano kawai zai faɗi ya kwanta rub da ciki. A 1944 aka mayar da gidan yarin Lantoro na Abeokuta wurin ajiye irin waɗannan sojoji, gidan masu taɓin hankali na Yaba kuwa tun 1907 yake. A wancan zamani tsarewa ta fi jinya yawa, har Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke marasa lafiya a ƙauyen Aro tare da danginsu a 1954.

Soja dai yana da bakin faɗar abin da ya gani. Baffana ba shi da wannan gata. An haife shi da ƙarancin fahimta, yana da shekara arba'in amma lissafinsa bai wuce na yaro ba. Aikinsa ɗebo ruwan alwala a masallaci da wanke wa mai shayi kofuna, kuma kowa na sonsa.

Daren 22 ga Afrilu, 1990, ana goman ƙarshe na azumi, su Manjo Gideon Orkar suka far wa Barikin Dodan da ke kusa da unguwarmu, a yunƙurin juyin mulki. Muna shirin sahur gari ya kaure da harbi. Da gari ya waye, a bayan randa muka same shi, ya toshe kunnuwa, jikinsa na ɓari. Daga ranar ya daina zuwa masallaci. Salansar mota ta yi ƙara sai ya ciji hannunsa, ya koma fitsarin kwance. Maƙwabta suka ce, "Ai dama haka yake." Wasu suka ce gamo ya yi.

Kakata ba ta yarda ba. Ta karɓo rubutu wurin malam, tana yi masa tofi safe da yamma, ta dawo da tabarmarsa ƙofar ɗakinta. Kullum bayan la'asar takan riƙe hannunsa su taka, yau ƙofar gida, gobe bakin layi, tana cewa, "Ka gani, Auta? An daina." Sai da azumi ya sake zagayowa ya ɗauki butocinsa.

Tun 1980 likitocin Amurka suka ba wannan ciwo na firgita bayan tashin hankali suna, bayan yaƙin Biyetnam. Yau an tabbatar yana kama masu ƙarancin fahimta, sai dai ya fi fitowa a ɗabi'a, shi ya sa ake ɗora komai a kan nakasar. Maganinsa kuwa bai yi nisa da na Kakata ba: gajerun kalmomi, hotuna, maimaitawa, tunkarar abin tsoro sannu a hankali, da wani amintacce a gefe.

A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Amma jinya daga gida take farawa. In irin Baffana na gidanku ya sauya bayan wani tashin hankali, kada ku ce haka yake. Ku tambayi abin da ya gani, ku kai shi asibiti.