Farauta da su a wajen al'ummar Timukuwa

Kafin zuwan Turawa, al'ummar Timukuwa ke zaune a arewa maso gabashin Fulorida da kudancin Jojiya, a ƙasar Amurka ta yau. Suna noman masara da wake, amma wani ɓangare na cimarsu daga daji da ruwa yake fitowa.

Maharbinsu yakan lulluɓa da fatar barewa har da kanta, yana leƙe ta ramukan ido, ya lallaɓa bakin mashaya, sai dabba ta matso ya sakar mata kibiya. Kada kuwa taron dangi ake yi masa: a cusa masa dogon itace mai tsini a maƙogwaro, a kifar da shi, a farma cikinsa da kibau da kulake. Masunta suna kafa shingen kara cikin ruwa mai lunguna da yawa, kifi ya shiga ya rasa mafita. Abin da ya yi saura sai a yi bandarsa bisa ragar itace.

Darajar wannan sani ta bayyana a 1565. Faransawan da suka gina sansanin Karolin a bakin kogi a 1564 suna da bindigogi, amma yunwa ta kusa gamawa da su, har suka koma sayen kifi da tsada daga hannun ƴan ƙasa.

Sai dai duk labarin nan ta bakin baƙo ya zo. Hotunan farautar Theodor de Bry ne ya buga su a 1591, bisa zanen Jacques Le Moyne, kuma masana suna shakkar wasunsu. A 1613 limamin Kirista Francisco Pareja ya wallafa littafin tambayoyi ga masu tuba, cikin Sifaniyanci da Timukuwanci. A ciki ana tambayar mutum ko ya yi wa kibau addu'a, ko ya hana jefa kifin farko na sabon shinge a ruwan zafi, ko ya adana ƙasusuwan dabba don kada tarko ya daina kamu. Ya rubuta su ne don ya kawar da su, sai rubutun ya zama ma'ajinsu.

Cututtuka da aikin tilas da harin masu kamun bayi suka cinye al'ummar. A 1763 ƴan tsirarun da suka rage suka bi Sifaniyawa zuwa Kuba. Babu maharbi ko masuncin Timukuwa ko guda da ya bar bayanin sana'arsa da bakinsa.