Taslim Elias da Amanar Alƙawari Tsakanin Ƙasashe: Tarihin Wani Lauyan Gwamnati

Gabatarwa

Malaman fiƙihu sun daɗe da keɓe babi na musamman ga mu'amalar daular Musulunci da sauran dauloli, wanda suka kira Siyar. Imam Muhammad bn Hasan Shaibani, almajirin Imam Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 189 bayan hijira, ya yi wallafa mai faɗi a wannan fanni. Daga cikin mas'alolin babin akwai hukuncin sulhu da amana: wane ne ke da ikon ƙulla su da sunan al'umma, yaushe suke lazimtar ta, kuma ta wace hanya ake warware su. Waɗannan tambayoyi su ne har yau suke gaban lauyan gwamnati da ke aiki a harkokin waje.

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar aikin ɗaya daga cikin irin waɗannan lauyoyi, Taslim Olawale Elias, Antoni-Janar na farko a Nijeriya bayan samun 'yancin kai. Manufarta ita ce ta nuna cewa ƙa'idojin da ya taimaka aka rubuta domin kare ƙananan ƙasashe su ne daga baya suka hau kan ƙasarsa, kuma darajar irin wannan lauya tana cikin faɗa wa shugabanni haka tun kafin a kai ga kotu.

Tasowarsa da Karatunsa

An haifi Elias a Legas ranar 11 ga Nuwamba, 1914, a gidan Musulmi. Ya yi aiki a hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya, yana karatu a gefe, kafin ya tafi Ingila. Ya zama lauya a 1947, kuma a 1949 ya sami digirin digirgir a fannin shari'a daga Jami'ar Landan. A 1956 ya wallafa littafinsa kan yanayin dokar gargajiya ta Afirka, inda ya yi raddi ga masu da'awar cewa mutanen Afirka ba su san doka ba sai al'ada. Wannan tunani, cewa Afirka tana da abin cewa a fagen shari'a, shi ne ya biyo shi har zauren taron ƙasashe.

Lauyan Sabuwar Ƙasa

A 1960 Elias ya zama Antoni-Janar kuma Ministan Shari'a a gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa. Matsalar farko da ke gaban kowace sabuwar ƙasa a lokacin ita ce gadon yarjejeniyoyi. Birtaniya ta ƙulla alƙawura masu yawa da sunan Nijeriya ba tare da shawarar 'yan ƙasa ba. Shin sabuwar gwamnati za ta gaje su, ko za ta fara da farar takarda? Nijeriya ta zaɓi gado: ranar 1 ga Oktoba, 1960, ta yi musayar wasiƙu da Birtaniya inda ta karɓi haƙƙoƙi da wajibai na waɗancan yarjejeniyoyi. Tanganyika kuwa, a ƙarƙashin Julius Nyerere, ta bi wata hanya a 1961, ta ɗibar wa kanta wa'adin shekara biyu domin ta tantance wanda za ta riƙe da wanda za ta bari.

Elias yana cikin waɗanda suka tsara kundin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka sa wa hannu a Adis Ababa ranar 25 ga Mayu, 1963, haka nan da ƙa'idojin hukumarta ta shiga tsakani da sasantawa da aka amince da su a Alƙahira a 1964. A taron Alƙahira ɗin ne shugabannin Afirka suka yi alƙawarin mutunta iyakokin da suka tarar ranar samun 'yanci. Kowa ya san Turawa ne suka shata iyakokin, sun raba dangi da dangi, amma shugabannin sun ga cewa buɗe ƙofar sake shata su zai jawo yaƙin da ba a san ƙarshensa ba.

Juyin mulkin Janairun 1966 ya raba Elias da kujerarsa. Ya koma Jami'ar Legas a matsayin farfesa kuma shugaban tsangayar shari'a, sai dai kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Yakubu Gowon ta dawo da shi, ya ci gaba da riƙe ofishin har 1972. Wannan zango yana da abin dubawa. A 1970 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lakanmi cewa gwamnatin soja ta wuce iyakarta wajen ƙwace dukiya, sai gwamnatin ta fitar da Dokar Soja mai lamba 28 ta wannan shekara ta soke tasirin hukuncin. Elias ne Antoni-Janar a lokacin. Mai nazarin tarihinsa ba zai tsallake wannan ba, domin yana nuna ƙuncin da lauyan gwamnati ke shiga idan mai mulki da doka suka saɓa.

Taron Biyana

Tun 1961 Elias yake cikin Hukumar Dokar Ƙasa da Ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta shafe shekaru tana tsara daftarin dokar yarjejeniyoyi. Da aka kira taron ƙasashe a birnin Biyana na Ostiriya, a zama biyu cikin 1968 da 1969, an zaɓi Roberto Ago na Italiya shugaban taro, Elias shugaban babban kwamitin da ya ƙunshi dukkan wakilai, Mustafa Kamil Yasin na Iraƙi kuma shugaban kwamitin tsara lafazi.

Sababbin ƙasashe sun je da buƙata bayyananna. Sun ɗanɗani yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu a gaban bakin bindiga, don haka suka nace a rubuta dalilan da ke ɓata alƙawari. Sashe na 52 ya ce yarjejeniyar da aka samu ta hanyar barazana ko amfani da ƙarfi, saɓanin kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, ɓatacciya ce. Sashe na 53 ya ce duk yarjejeniyar da ta ci karo da ƙa'idar da al'ummar ƙasashe ta ɗauka a matsayin wadda ba a keta ta, ita ma ɓatacciya ce. A ɗaya gefen, sashe na 26 ya wajabta cika alƙawari da kyakkyawar niyya, sashe na 27 ya hana ƙasa fakewa da dokarta ta cikin gida domin guje wa abin da ta ɗauka, sashe na 62 kuma ya hana kafa hujja da sauyin yanayi wajen warware yarjejeniyar iyaka.

Ƙasashen Yamma suka ce ba za su yarda da dalilan ɓata yarjejeniya ba sai da alƙalin da dole a je gabansa, in ba haka ba kowace ƙasa za ta zama mai ƙara kuma mai hukunci. Tarayyar Sobiyet da ƙasashen Afirka da Asiya da dama suka ƙi. Ƙin na Afirka yana da tushe: ranar 18 ga Yuli, 1966, Kotun Duniya ta kori ƙarar da Habasha da Laberiya suka shigar kan mulkin Afirka ta Kudu a yankin da yanzu ake kira Namibiya, da ƙuri'ar raba gardama ta shugaban kotun, Percy Spender. Ana dab da rufe taro babu matsaya, aikin shekara ashirin yana shirin rushewa.

A nan ne Elias ya jagoranci rukunin ƙasashe goma na Afirka da Gabas ta Tsakiya suka kawo sulhu. Abin da ya zama sashe na 66 ya raba mas'alar gida biyu: saɓani kan ƙa'idojin da ba a keta su, kowane ɓangare na iya kai shi Kotun Duniya, sauran kuwa a kai su gaban kwamitin sasantawa, wanda zuwa gabansa dole ne amma shawararsa ba ta lazimtar kowa. Ranar 22 ga Mayu, 1969, aka amince da yarjejeniyar da ƙuri'a 79, Faransa kaɗai ta ƙi, ƙasashe 19 suka ƙaurace. Ta fara aiki ranar 27 ga Janairu, 1980.

Daga Kotun Ƙoli Zuwa Kotun Duniya

A 1972 Elias ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya. Gwamnatin Murtala Muhammed ta sauke shi a 1975, amma a cikin shekarar aka zaɓe shi alƙali a Kotun Duniya da ke Hague, ya kama aiki a 1976. Ya shugabanci kotun daga 1982 zuwa 1985, ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. A zamaninsa ne, cikin Nuwamban 1984, kotun ta tabbatar da hurumin sauraron ƙarar da Nikaragwa ta kai Amurka, abin da ya sa Amurka ta janye daga shari'ar. Ya rasu a Legas ranar 14 ga Agusta, 1991, yana kan aiki.

Bakassi: Lokacin da Ƙa'ida ta Juyo Gida

Marubuta tarihin rikicin Bakassi sun ruwaito cewa tun yana Antoni-Janar Elias ya shawarci gwamnatin Gowon cewa Nijeriya ba ta da hujjar doka a kan yankin, saboda yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 11 ga Maris, 1913, da kuma abin da Nijeriya ta amince da shi bayan 'yanci. Ranar 1 ga Yuni, 1975, lokacin Elias ya riga ya koma Kotun Ƙoli, Gowon da Ahmadu Ahijo suka sa hannu a Sanarwar Marwa kan iyakar ruwa.

Kamaru ta kai ƙara a 1994. Nijeriya ta kafa hujja da cewa yarjejeniyar 1884 da sarakunan Kalaba ta kariya ce kawai, saboda haka Birtaniya ta bayar da abin da ba ta mallaka ba. Ta kuma ce Sanarwar Marwa ba ta lazimce ta ba domin Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta tabbatar da ita ba. Ranar 10 ga Oktoba, 2002, kotun ta ƙi hujjojin biyu. A kan ta biyu ta koma ga ma'aunin Biyana: sashe na 7 ya ɗauki shugaban ƙasa a matsayin wakilinta bisa muƙaminsa, sashe na 46 kuma bai karɓi uzurin keta dokar cikin gida ba sai idan ketawar ta bayyana ƙarara ga ɗaya ɓangaren. Alƙali Abdul Koroma da Bola Ajibola sun saɓa wa hukuncin, Alƙali Awn Al-Khasawneh na Jodan kuma ya soki yadda aka fassara yarjejeniyar 1884. An kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agusta, 2008, masunta da yawa suka rasa matsuguni.

Kammalawa

Elias bai yi aikinsa da sunan fiƙihu ba. Horonsa na dokar Ingila ne da dokar gargajiya. Duk da haka ɗalibin Siyar zai gane mas'alar. A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, an mayar da Abu Jandal ga Ƙuraishawa alhali zukatan Sahabbai suna ƙuna, domin magana ta riga ta ƙullu. Alƙawari yakan nuna nauyinsa ne ranar da cika shi ya zama hasara.

Tarihin Elias ya bar tambayar da ba a rufe ba. Dokar da ta haramta alƙawarin tilas ba ta waiwayi na zamanin mulkin mallaka ba, domin sashe na 4 ya taƙaita ta ga yarjejeniyoyin da aka ƙulla bayan fara aikinta, kuma Afirka da kanta ta zaɓi riƙe tsofaffin iyakoki. Mutanen Bakassi ne suka biya kuɗin wannan zaɓi. Abin da ya rage ga masu karantar shari'a a jami'o'inmu, waɗanda wasunsu za su zauna a irin kujerarsa, shi ne su san cewa sa hannun shugaba yana ɗaure jikoki, kuma lokacin nasiha shi ne kafin alƙalami ya taɓa takarda.